Yadda Mai Cikin Tagwaye Za Ta Bi da Watanni Ukun Ƙarshe

Ina mako na 35 faya ta fashe mini. Da asubar fari na yunƙura zan yi alwala, sai na ji ruwa mai ɗumi yana bin ƙafafuna. Jakar haihuwa tana saman sif, ko zani ɗaya babu a ciki. Maigida yana Legas, ya kai kaya. A lissafina saura wata guda da 'yan kwanaki, domin haihuwa uku na yi kafin wannan, kowacce sai da ta cika wata tara har da ɗoriya. Allah Ya rufa asiri maƙwabcinmu mai adaidaita sahu bai riga ya fita ba, shi ya kwashe ni da ƙanwata zuwa asibiti. Yaran yanzu suna firamare, amma firgicin wannan asubar bai bar ni ba.

Kuskurena shi ne na auna cikin 'yan biyu da mudun cikin ɗa ɗaya. Cikin tagwaye ba ya jiran wata tara. A kowane ciki 100 na tagwaye, kusan 60 kan zo kafin mako na 37. Saboda haka, 'yar'uwa, duk shirin da mai ɗa ɗaya take bari sai watan haihuwa, ke ki gama shi kafin mako na 30. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 1: Ki koma lissafi da mako, ki kuma san irin tagwayenki

Mun saba cewa "ina wata bakwai", "na shiga na takwas". A asibiti da mako ake lissafi, ke ma ki koma can, don a cikin tagwaye mako ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Ki sa a rubuta miki makon da kike a katin awo, duk ranar da ta zagayo ki ƙara ɗaya.

Sai tambayar da ni ban san ana yinta ba sai daga baya: mabiyarsu ɗaya ce, ko kowa da tasa? Mabiya ita ce wadda wasu ke kira uwa, ta nan jinjiri ke samun abinci da iska. Hoton ciki na tsakanin mako 11 da 14 shi ya fi nuna wannan, don haka idan kin yi shi ki adana takardar kamar takardar gida. Idan mace da namiji ne, kowa da tasa mabiyar.

Amsar ita ke tsara komai. Idan kowa da mabiyarsa da jakar ruwansa, akan yi hoto duk bayan mako huɗu, a shirya haihuwa a mako na 37 in naƙuda ba ta riga ta zo da kanta ba. Idan mabiya ɗaya suke rabawa, hoton duk bayan mako biyu ne, saboda jini kan iya karkata ga ɗaya ya bar ɗayan, wannan ya cika ya batse, wancan ya tsumbure. Su akan ciro su a mako na 36. Akwai kuma waɗanda ba su cika faruwa ba, masu jakar ruwa ɗaya, inda cibiyoyi kan iya sarƙewa. Waɗannan aiki ake yi tsakanin mako na 32 da na 34. Idan ba ki yi hoto da wuri ba har aka kasa tantancewa, likitoci kan ɗauka mabiya ɗaya ce, su tsananta sa ido.

Mataki na 2: Ki je awo da kunne, ba da ciki kawai ba

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas. Wannan na kowace mai ciki ne, ke naki ya fi haka. Na san layin awo: ki fito tun ƙarfe shida, ki zauna a benci har azahar, ƙafafu kamar turmi. Duk da haka kada ki tsallake ko ɗaya, kuma kada ki fito ba ki ji abu uku da kunnenki ba.

Na farko awon hawan jini. Idan ya kai 140/90, magana ta tashi, ko da kina jin garau. Na biyu gwajin fitsari, a ga ko akwai furotin a ciki. Hawan jini da furotin a fitsari su ne ƙofar jijjiga, kuma mai tagwaye ta fi mai ɗa ɗaya kusa da wannan ƙofar. Na uku yawan jininki. A asibitocinmu PCV suke cewa, idan ya yi ƙasa da 33 jinin ya yi kaɗan. Ki tambaya kai tsaye: "Sista, nawa ne nawa yau?" Wata za ta amsa da fara'a, wata za ta harare ki. Ki jure hararar, ki rubuta lambar.

Jan maganin ƙarin jini da ƙaramar ƙwayar folik kullum ne, babu fashi. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Amma kada ki kora shi da shayi, shayi na hana jiki ɗaukar sinadarin da ke ƙara jinin. Ki bar awa biyu tsakani, ko ki sha shi da ruwan lemon zaƙi. Fansida ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata ake bayarwa, aƙalla sau uku kafin haihuwa, sannan ki kwana cikin gidan sauro ko da zafi. Ki duba kati ki ga ko an yi miki allurar tetanus da gwajin suga. Wasu masu tagwaye likita kan ɗora su a kan ƙaramin asfirin don rage haɗarin jijjiga. Idan an rubuta miki ki sha, idan ba a rubuta ba kada ki je kemis ki saya don wata ta ce ita an ba ta.

Mataki na 3: Ki zaunar da maigida a gama magana huɗu

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, shi ne kuma wanda muka fi jin nauyin yi. Magana huɗu ce: asibiti, izini, jini da mota.

Tagwaye ba haihuwar gida ba ce, ko da kin haifi goma a ɗaki ba tare da ko uhum ba. Ungozomar unguwa na iya karɓar na farko lafiya, na biyu ya gicciye, a nan dabararta ta ƙare. Ƙaramin asibitin shan magani ma bai isa ba. Ki nemi wanda ke da ɗakin tiyata da ke aiki dare da rana, da wurin ajiyar jini, da ɗakin bakwaini mai kwalba. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da waɗannan, haka asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai. Ba dole sai su ba, babban asibitin garinku ma na iya wadatarwa, amma ki tambaya da bakinki: idan na zo ƙarfe biyun dare, akwai likitan da zai yi aiki? Idan kina da niyyar tafiya goyon ciki gidanku, ki duba tazarar gidan da irin wannan asibitin kafin ki ɗaure kaya. In ƙauye ne mai nisa, gara Inna ta zo ta same ki.

Izini kuwa, a nan mata da yawa suke asarar lokaci. Naƙuda ta zo, miji ba ya gari, waya ba ta shiga, kowa na tsoron fita da matar wani. Ko an isa asibiti likita ya ce aiki, a tsaya jiran wanda zai sa hannu. Ni sai da aka kira maigida sau bakwai kafin ya ɗauka, yana cikin hayaniyar kasuwa. Ku gama wannan tun yanzu, a gaban surukarki in da hali: "Malam, in abu ya taso ba ka nan, na fita? In an ce aiki, wa zai sa hannu?" Ya faɗa da bakinsa, ya kuma faɗa wa wanda ya wakilta.

Jini: mahaifar da ta ɗauki biyu ta buɗe fiye da kima, bayan haihuwa takan yi nawar tsukewa, shi ya sa zubar jini ya fi yawa ga uwar biyu. Ki san rukunin jininki. A samu mutum biyu cikin dangi ko abokan maigida waɗanda suka yarda za su bayar, a je a gwada su tun kafin ranar. Asibitoci da yawa kan karɓi jinin a ajiye da sunanki. Idan jininki mai alamar "negetif" ne, ki tuna wa likita zancen allurar da ake yi wa irinku.

Mota: lambar direba biyu, ba ɗaya ba, waɗanda wayarsu ke kunne da dare. Kuɗi kuma a ware su daban, wani abu a hannu, don ranar da kika fi buƙatar taransifa ranar sabis ke ɗaukewa. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya na Nijeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ki tambaya ko asibitinku na cikin shirin da abin da ya ƙunsa, amma kada wannan ya hana ku tanadi.

Mataki na 4: Ci kaɗan-kaɗan, sha da yawa

Daga mako na 30 yaran sun danne tumbi, loma biyar kin ƙoshi, bayan awa ɗaya yunwa kamar ba ki ci ba. Ki daina jiran kwanon rana da na dare. Ki raba abincin gida biyar ko shida: ƙwai da safe, faten wake da alayyahu, kwaɗon zogale ko rama, awara, kifi, gyaɗa, dabino, kindirmon da aka dafa madararsa. Ƙwannafi zai dame ki, maganinsa rage yaji da maiƙo, da barin awa biyu ko uku tsakanin abincin dare da kwanciya. Ruwa kuwa gora ta zauna kusa da ke, musamman a bazara, don ƙarancin ruwa a jiki na sa mara ta riƙa ɗaurewa. Idan fitsarinki ya yi ja, ruwan bai isa ba.

Abu biyu zan yi faɗa a kansu, ko da Hajiya za ta ji haushina. Kanwa gishiri ce, ga mai kumburi da barazanar hawan jini ba abokiyar tafiya ba ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan yawan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa, suka ɗora wani ɓangare na alhakin a kan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Na biyu, jiƙe-jiƙen maganin zaƙi da na saurin naƙuda. Ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin robar, kuma ke ba saurin naƙuda kike nema ba, so kike yaran su ƙara ko da mako guda a ciki. In an kawo miki ki karɓa da hannu biyu, ki ce an gode, ki ajiye.

Idan azumi ya riske ki a wannan hali, addini ya yi wa mai ciki rangwame. Ki ji ta bakin likita, ki tambayi malamai yadda ramuwa take.

Mataki na 5: Kwanciya, aiki da sallah

Daga mako na 28 ki daina kwanciya rigingine. Nauyin cikin kan danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, ki ji jiri, yaran ma jini ya ragu gare su. Ki kwanta a gefe, filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya a ƙarƙashin cikin, ɗaya a baya. Ni filo huɗu nake tarawa, har maigida ya ce shi ya zama baƙo a gadon. In za ki tashi, ki fara zuro ƙafafu ƙasa, ki dafa da hannu, kada ki zabura.

Daka, jan ruwa a rijiya, wankin tsugune da ɗaukar bokiti, a ba wani. Amma kada ki mayar da kanki majinyaciya, ki kwanta wuni guda ba likita ne ya ce ba. Yawan kwanciya ba ya hana haihuwar bakwaini, yana ma iya sa jini ya daskare a ƙafa. Ki zaga tsakar gida safe da yamma, in kin zauna ki ɗora ƙafafu a kan kujera. Sallah in tsayuwa ko sujada ta gagara, ki yi a zaune. Kwanciyar aure kuma, in kin taɓa ganin jini ko ruwa, ko an ce mabiya ta sauko ƙasa, a dakata sai likita ya ce.

Mataki na 6: Jaka

Ta zauna a bakin ƙofa daga mako na 30. Tsofaffin zannuwan atamfa wankakku kamar shida, audugar masu jego, rigunan jarirai mafi ƙanƙanta da za ki samu, huluna da safa bibbiyu, mayafai masu ɗumi, fulas, tocila, cajar waya. Katin awo da duk takardun hoto a leda ɗaya a aljihun gaba. Kowane asibiti na da jerin kayan da yake buƙata, ki karɓo a awo na gaba.

Mataki na 7: Ki san abin da ake haƙuri da shi da wanda ba a kwana da shi

Ciwon baya, kumburin ƙafa da yamma wanda ke saɓewa da safe, fitsari kowane lokaci, basir, haki in kin yi tafiya, mara ta ɗaure ta saki jefi-jefi, duk waɗannan kayan tafiyar ne. Idan marar ta ɗaure, ki sha ruwa kofi biyu, ki yi fitsari, ki kwanta a gefe. Ta ƙarya takan lafa.

Idan ba ta lafa ba, tana zuwa tana dawowa a jere sau huɗu ko fiye cikin awa ɗaya, ko baya na sara a ƙasa-ƙasa, ko kina jin kamar abu na turowa, ko kin ga ruwa, jini ko majina mai jini, ki ɗauki jaka. Kada ki ce bari gari ya waye, kada kuma kunya ta sa ki danne. Dalilin gaggawar shi ne, in ba ki kai mako na 34 ba akwai allurar da ake yi wa uwa don huhun yaran ya yi ƙwari, kuma tana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta gama aikinta. Wadda ta zo kan yaro na waje ta rasa wannan damar.

Haka ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ganin dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, fuska da hannaye su kumbura farat ɗaya har zobe ya ƙi fita. Waɗannan 'yan aiken jijjiga ne, ba iska ba ce, ba kambun baka ba ne, kuma akwai allurarta a asibiti. Zazzaɓi ma ba a yi masa jiƙo a gida, a je a gwada jini. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya gagara in kin kwanta har sai kin zauna, ko tafin hannu da na ƙafa su riƙa ƙaiƙayi da dare ba ƙuraje, duk na asibiti ne a ranar.

Sai motsi. Da biyu a ciki da wuya ki ce wannan ƙafar ta wane ce, amma kin san yadda suka saba: wannan gefen bayan cin abinci, wancan da tsakar dare. Ranar da kika ji gefe ɗaya ya yi shiru, ko motsin gaba ɗaya ya ragu, kada motsin ɗayan ya kwantar miki da hankali. Ki je a saurari zuciya biyu.

Mataki na 8: Ranar da kanta

Ba kowace mai tagwaye ake yi wa aiki ba. Idan na farko ya juyo da kai ƙasa kuma babu wata matsala, ana iya haihuwa da kai, wato ba tare da aiki ba. Wani babban bincike da aka fitar a 2013, a kan mata 2,804 a ƙasashe 25, ya nuna cewa a irin wannan hali aikin da aka shirya tun farko bai fi haihuwa da kai aminci ga yaran ba. Idan kuwa na farko ya zo da ɗuwawu ko ya gicciye, aiki ya fi. Ki cire wa ranki zancen wai wadda aka yi wa aiki raguwa ce. Masu faɗar haka ba su za su goya miki yaran ba.

In da kai ne, za a sa miki robar ƙarin ruwa tun da wuri. Bayan na farko ya fito likita zai duba kwanciyar na biyu, wani lokaci ya juya shi, yawanci cikin rabin awa shi ma ya fito. Takan faru a haifi na farko da kai, na biyu a yi aiki, ki san da wannan don kada ya zo miki a ba-zata. Da zarar na biyu ya fito za a yi miki allurar tsuke mahaifa, sannan mabiya ta faɗo. Ki sa hannu a ƙasan cibiya, ya kamata ki ji abu mai tauri kamar ƙwarya. In kin ji ya yi laushi, ko jini na ɓulɓulowa yana jiƙa zani, ki ɗaga murya ki kira nas.

Da yawa daga cikin tagwaye ba sa kai kilo biyu da rabi, babban abokin gabarsu sanyi ne. Kada a yi gaggawar yi musu wanka. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne abincinsu na farko, kada a sa musu ruwa ko zuma a baki. Wanda bai iya kama nono ba a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi. Nonon uwa ɗaya na isar biyu, gwargwadon tsotso gwargwadon zuwansa.

Nawa macen ta zo da kilo 2.1, namijin 1.8. Shi ya kwana biyu a kwalba, daga nan nas ta nuna mana yadda ake ɗora jariri tsirara a ƙirji, daga shi sai hula da nafkin, a ɗaure da zani, ɗumin jikin babba ya riƙe shi. Ni na ɗauki ɗaya, ƙanwata ta ɗauki ɗaya, muna musanya. Da maigida ya iso daga Legas, idanu jajur don kwanan mota, ya tsaya a bakin ƙofa yana "sannu Maman Biyu, sannu". Nas ta dube shi ta ce, "Alhaji, sannu ba ta ɗumama yaro. Wanke hannu, ɓalle maɓallin rigar nan." Haka ya zauna a kujerar roba awa biyu cur da Hussaini a ƙirji, ko tari ya kasa yi don kada ya tashe shi.